Gari Yana Nan, Iyaka ce Ta Tashi: Rubuta Sunayen Wurare a Binciken Nasabar Gidajen Malamai

 

Shekaru kaɗan da suka wuce, wani ɗalibi da nake duba kundin digirinsa na biyu ya kawo mini babi na biyu na aikinsa, wanda ya shafi tarihin wani gidan malamai a kudancin ƙasar Katsina. A cikin babin ya ware sashe guda ya sa masa suna hijirorin gidan. Hujjarsa takardu uku ne. Ta farko takardar hukuma ce ta 1930 da ta ambaci babban malamin gidan a ƙarƙashin Lardin Zariya. Ta biyu fasfo ne na aikin Hajji na ɗansa, na shekarun 1950, wanda aka rubuta Lardin Katsina a jikinsa. Ta uku takardar shaidar kammala makaranta ce ta jikansa, ta 1980, mai ɗauke da sunan Jihar Kaduna. Daga nan ɗalibin ya yanke cewa asalin gidan Zazzagawa ne, sun taso zuwa Katsina, wani reshe ya gangara Kaduna, daga baya suka komo. Har ya yi ƙoƙarin nemo wa kowace hijira dalili, ya jingina ta farko ga fari, ta biyu ga neman aikin gwamnati.

Na ce masa ya koma ƙauyen ya karanta wa dattawan gidan abin da ya rubuta. Da ya dawo sai ya ce dariya suka yi masa, sannan suka kai shi bayan masallaci suka nuna masa kaburburan mutanen nan da yake magana a kansu, a jere. Zauren da malamin 1930 ya karantar a ciki shi ne zauren da ake karatu a ciki har ranar.

Abin da ya faru ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya san tarihin mulki. Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar a 1903, sun sa masarautar Katsina cikin Lardin Kano. A 1926 suka mayar da ita Lardin Zariya. A 1934 aka haɗa Katsina da Daura aka yi Lardin Katsina. A 1967 ta shiga Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 sunan jihar ya koma Kaduna, a 1987 aka cire Jihar Katsina. Sunaye shida ke nan cikin shekara 84, a kan ƙasa ɗaya. Mutumin da aka haifa a 1920 ya kai shekara saba'in yana iya ɗaukar duk shidan a takardunsa ba tare da ya taɓa kwana a wajen garinsu ba.

Wani zai ce wannan kuskuren ɗalibi ne, an gyara, magana ta ƙare. Ni ban ɗauke shi ƙaramin abu ba. Kundin digiri idan ya shiga ɗakin karatu, ɗalibi na gaba daga shi zai ciro, na bayansa ya ciro daga na biyun, kafin shekara goma kuskuren ya zama abin da "masana suka tabbatar". A ƙasar da ake neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma kafin a shiga jami'a ko a sami aiki, kuma ake jayayya kan limancin gari da cewa gidan wane baƙi ne, rubuta wa gida hijirar da bai yi ba yana iya zama makami a hannun abokin husuma. Ga kuma abin da ya fi wannan nauyi a Shari'a: gano asaba a rabon gado, da waliyyin aure, da dangin da sada zumunci da su ya wajaba, duka suna tsayawa ne a kan sanin wane ne wane, kuma a cikin al'ummar da rabin mazanta Muhammadu ne ko Abubakar ko Usman, sunan gari ne yake raba mutum da takwaransa.

Abin da muhaddisai suka shimfiɗa

Masu binciken tarihin iyali a Ingila da Amurka sun daɗe da cin karo da wannan matsala a gundumominsu da suke kira kawunti. Birnin Libaful, inda Abdullahi Kwiliyam ya jagoranci jama'ar Musulmi a ƙarshen ƙarni na 19, yana cikin Lankasha ne a zamaninsa, sai a 1974 aka cire shi aka sa cikin sabuwar gunduma. A Amurka, yammacin Bajiniya ya balle ya zama jiha mai zaman kanta a 1863. Ƙa'idar da suka tsaya a kai ita ce a rubuta wuri da sunan da yake da shi ranar da abin ya faru, sannan a yi nuni ga sunansa na yau. Ƙa'ida ce mai kyau. Abin da ke ba ni takaici shi ne ɗalibanmu su ji ta kamar sabon abu, alhali malaman hadisi sun yi wa wannan fage hidima ƙarnoni kafin nan.

Ibnus Salah (ya rasu 643H/1245M) ya rufe littafinsa na ilimin hadisi da nau'i na 65, wanda ya keɓe ga sanin garuruwan maruwaita da ƙasashensu. Ya bayyana cewa Larabawa da ƙabila suke danganta kansu, sai da Musulunci ya zo suka zauna a birane da ƙauyuka, danganta mutum ga gari ya yawaita. Ya kafa ƙa'idar cewa wanda ya tashi daga wani gari zuwa wani, idan za a haɗa masa nisbobin biyu, a fara da na farko, kuma ya fi kyau a sa kalmar *summa* a tsakani domin ta nuna jerin zamani. Wanda kuma ya fito daga ƙauyen da ke ƙarƙashin wani birni, ya halatta a danganta shi ga ƙauyen, ko ga birnin, ko ga yankin baki ɗaya. Shi ya sa ake ce wa Imam Tirmizi *al-Bugi*, domin ƙauyen Bug da ke kusa da Tirmiz. Nawawi ya naƙalto daga Abdullahi ɗan Mubarak cewa zaman shekara huɗu a gari ya isa a danganta mutum gare shi. Mai karatu ya lura da abin da wannan ke nufi: nisba ba lalle ta nuna mahaifa ba.

Ba don ado suka yi wannan aiki ba. Da sanin gari ake gane ko mai ruwaya ya iya haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga gare shi, wato ko isnadin a sadar yake ko a yanke. Wani lokaci ma hukuncin ruwayar kansa ga gari yake komawa. Isma'ila ɗan Ayyash misali ne da kowane ɗalibin musɗalahi ya sani: abin da ya ruwaito daga mutanen ƙasarsa, Sham, malamai sun karɓa, abin da ya ruwaito daga mutanen Hijaz da Iraƙi sun raunana. Wanda bai san malamin Isma'ila Bashame ne ko Bahijaje ba, ba shi da hanyar yanke hukunci.

Daga wannan buƙata aka sami jerin littattafai. Abu Sa'ad as-Sam'ani, mutumin Marwa (562H/1166M), ya tara nisbobi a *al-Ansab* yana bayyana lafazin kowace da inda take komawa. Ibnul Asir ya taƙaita shi a *al-Lubab*, Suyuɗi ya sake taƙaitawa a *Lubbul Lubab*. Yaƙutu al-Hamawi (626H/1229M), bayan *Mu'ujamul Buldan*, ya rubuta wani littafi daban, *al-Mushtarik*, a kan wuraren da sunansu ɗaya amma suna nesa da juna. Ɗabari daga Ɗabaristan yake, kudu da tekun Kasfiya, Ɗabarani kuwa nisbarsa ga Ɗabariyya ce ta ƙasar Sham. Ɗarabulus biyu ce, ta Sham da ta Yamma. Al-Haɗɗab mai *Mawahibul Jalil*, wanda kowane Bamalike ke komawa gare shi, a ta Yamma ya rasu a 954H/1547M, wato a Libiya ta yau, ba Lebanon ba. Sun kuma ware babi ga nisbobin da zahirinsu ke ruɗarwa. Abu Mas'ud al-Badri, a wurin mafi yawan malamai, zama ya yi a Badar, ba yaƙin ya halarta ba, ko da yake Bukhari ya ƙirga shi cikin waɗanda suka halarta. Shi kansa Bukhari ana ce masa *al-Ju'ufi* ba don jinin ƙabilar ba, sai don kakan mahaifinsa ya musulunta a hannun wani Baju'ufe da ke mulkin Bukhara.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata a faɗa da gaskiya. Waɗannan malamai sun fi fuskantar tafiyar mutane da maimaituwar sunaye. Tafiyar iyaka ta faru a zamaninsu, amma ba da saurin da muka gani a ƙarni na 20 ba, kuma ba a rubuta ta a fasfo. Khurasan ta littattafan rijalu tana da manyan birane huɗu: Naisabur da Marwa da Hirat da Balkh. A yau na farko yana Iran, na biyu yana Turkmenistan, biyun ƙarshe suna Afghanistan, lardin da ya gaji sunan a Iran kuma an raba shi uku a 2004. Wanda ya ga *al-Khurasani* ya rubuta "ɗan Iran" ya yi caca. Haka wanda ya ce Bukhari ɗan Uzbekistan ne ya jingina mutumin da ya rasu a 256H/870M ga ƙasar da ba a zana iyakarta ba sai a 1924, a ƙarƙashin Tarayyar Sobiyat.

Sunayen da suka yi ƙaura

A nahiyarmu akwai wata musiba ta daban, ita ce sunan da kansa ya tashi daga wuri ya koma wani. *Biladus Sudan* a bakin marubutan Larabci ita ce ƙasar baƙar fata ta kudu da Sahara, daga tekun Atlantika zuwa gabas. Ahmad Baba na Tumbutu, da ya rasu a 1627, ana ce masa *as-Sudani*, kuma *Tarikhus Sudan* na Sa'adi labarin Songai da Tumbutu ne. Na taɓa ganin rubutun da ya mayar da Ahmad Baba mutumin Jamhuriyar Sudan, wadda ta sami 'yanci a 1956. Gana ta dā tana tsakanin Muritaniya da Mali na yau, nesa da ƙasar da ta ɗauki sunan a 1957. Takrur kuwa asalinta masarauta ce a bakin kogin Senegal, amma mutanen Masar da Hijaz suka faɗaɗa sunan ya game duk alhazan Afirka ta Yamma, kuma da wannan ma'ana mai faɗi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi amfani da shi a sunan *Infaƙul Maisur*. Saboda haka gidan da ke Makka ko Madina da ake ce wa Takruni, kakansu yana iya zama Bakano ko Babarbare ko Bafutantoro. Nisbar ba ta yanke komai.

Mafi kusa da mu shi ne Abuja. Bayan masu jihadi sun ci Zariya, Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu da jama'arsa, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin da ya ɗauki sunansa a 1828. Wannan gari shi ne Abuja fiye da shekara 140. Da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sabon birnin ya karɓi sunan, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, kuma yana Jihar Neja. Duk malamin da tarjamarsa ta ce an haife shi a Abuja a 1940, ko ya yi alƙalanci a Abuja a 1960, Suleja ake nufi. Idan mai bincike ya bar kalmar haka ba bayani, jikokin malamin da kansu za su fahimci wani wuri daban.

Jihadi ma ya bar irin wannan. Gidan sarautar Katsina na kafin jihadi ya koma Maraɗi, kuma sarkin can har yau Sarkin Katsina ake ce masa. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 Gobirawa sun watse, daga baya suka kafa Tsibiri, wani reshe ya kafa Sabon Birni. Ɗaya a Nijar, ɗaya a Nijeriya, kowanne da Sarkin Gobir. Idan dattijo ya ce kakansa "daga Katsina ya zo" a tsakiyar ƙarni na 19, tambaya ta biyu dole ce: wace Katsinar? Muhammadu al-Kashnawi, masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1154H/1741M, wanda Jabarti ya yi wa tarjama, nisbarsa ga Katsina ce ta kafin a raba ta, lokacin da ƙasarta ta shiga cikin abin da yake kudancin Nijar a yanzu.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya gafarta masa, an haife shi a Maratta a 1168H/1754M, a ƙasar Gobir. Kakanninsa Toronkawa sun taso daga Futa Toro, wadda kogin Senegal ya ratsa kuma take tsakanin Senegal da Muritaniya a yau, suka zauna a Ƙonni. Maratta da Birnin Ƙonni da Agadas, inda ya bi malaminsa Jibrila ɗan Umar, duk suna Jamhuriyar Nijar yanzu. Degel da Gudu da Sakkwato suna Nijeriya. Layin da ya raba su Ingila da Faransa ne suka ja shi a yarjejeniyoyinsu na 1890 da 1898 da 1904 da 1906. Shehu ya rasu a 1817, shekara 80 kafin a fara kiran wata ƙasa Nijeriya. Ina jin kunya idan na ji masu ilimi suna gardama kan ko Shehu ɗan Nijar ne ko ɗan Nijeriya. Amsar da ta dace da tarihi ita ce an haife shi a ƙasar Sarkin Gobir, sannan a gaya wa mai karatu inda zai sami Maratta a taswirar yau idan yana son zuwa.

Akwai misalin da nake yawan ba ɗalibai domin ya tara nau'o'in matsalar wuri guda. Alhaji Umaru, malamin da aka fi sani da nisbarsa ga Salaga da Kete-Krachi, asalin gidansu Kabi ne, an haife shi a Kano a tsakiyar ƙarni na 19, ya bi hanyar fataken goro ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Nisbobinsa, *al-Kabawi* da *al-Kanawi* da *as-Salagawi*, jere suke kamar yadda Ibnus Salah ya so. Amma garin da ya ƙare rayuwarsa a ciki, ya same shi ne a hannun Jamusawa cikin Togo, bayan Yaƙin Duniya na Farko ya koma riƙon Ingila, a 1957 ya shiga Gana, bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960 ruwan tafkin Volta ya cinye tsohon garin aka gina sabo a wani wuri, sannan aka cire yankin daga Jihar Volta aka sa shi a sabuwar Jihar Oti. A nan iyaka ta tashi, hukuma ta canza, garin ma da kansa ya tashi. Irin haka ya sami Busa ta Borgu da aka gina madatsar Kainji, ga shi kuma Borgu ta bar Kwara ta koma Jihar Neja a 1991.

Abin da nake ganin ya kamata a rubuta

Ra'ayina shi ne mai bincike ya fara da naƙalto sunan wurin daidai yadda majiyarsa ta kawo shi, harafi da harafi, kafin ya fassara shi. Idan rubutun hannu ya ce *Kashina* ko *Zakzak* ko *Gubir*, a rubuta haka, sannan a ce Katsina ko Zazzau ko Gobir. Idan takardar Faransawa ta rubuta Tasawa ko Tawa ko Madawa da irin harufansu, a adana wannan siffar, domin da ita za a nemi fayil a rumbun Yamai. Wannan amana ce ta naƙali, kuma ita ce ke ba wanda zai zo baya damar gyara mu idan mun karanta ba daidai ba. Rubutun Larabci da ba wasali yana iya sa a karanta Bakori ta Katsina a matsayin Bakura ta Zamfara. Idan mai bincike ya share asalin ya bar fassararsa kawai, ya toshe ƙofar gyara.

Bayan sunan sai hukumar da ke riƙe da wurin a ranar da abin ya faru, sannan inda yake a yau, tare da bambancewa a fili tsakanin biyun. Shaikh Abubakar Mahmud Gumi an haife shi a Gummi a shekarun 1920, ya rasu a 1992. An ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996. Wanda ya rubuta cewa an haife shi a Jihar Zamfara ya sa shi a jihar da bai taɓa jin an kafa ba. Wanda kuma ya rubuta Sakkwato kawai ya shiru, mai karatu na yau zai zaci birnin. Abin da ya dace: an haife shi a Gummi, cikin Lardin Sakkwato, garin da yake Jihar Zamfara tun 1996. Kalmar "tun" da shekarar da ke bayanta su ne ruhin jimlar. "A yau" kaɗai ba ta isa ba, domin yau ɗin marubuci ba ita ce yau ɗin mai karatu ba. Kundayen da aka rubuta a shekarun 1980 cike suke da "a Jihar Gongola ta yau", jihar da ta rayu daga 1976 zuwa 1991 kawai.

Wasu abokan aiki suna cewa a bar lardi da jiha baki ɗaya, a tsaya ga masarauta, tunda ita ce ta fi daɗewa kuma ita mutanen da kansu suka sani. Akwai gaskiya a nan. Malamin ƙauye na 1930 bai taɓa cewa shi mutumin Lardin Zariya ba ne. Bakatsine yake ce wa kansa. Na yarda masarauta ta shiga rubutun, har ma a gabatar da ita. Amma ba ta tsira daga canji ba. Hedikwatar Katagum ta koma Azare a 1916, masarautar kuma ta bar Lardin Kano zuwa na Bauchi a 1926. Fombina, ƙasar Lamiɗon Adamawa, an bar Yola a hannun Ingila, Garwa da Marwa da Ngaundere suka tafi hannun Jamus. A 2019 an cire sababbin masarautu huɗu daga Kano, a 2024 aka soke dokar. Ban da haka, barin lardi yana da hasara ta zahiri: takarda tana zama ne a inda aka rubuta ta, ba ta bin iyaka idan ta tashi. Fayilolin zamanin Turawa a Rumbun Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna bisa larduna aka kasa su. Mai neman labarin gidan malamai na Haɗeja ko Kazaure ko Gumel a 1940 zai duba fayilolin Lardin Kano, domin Jigawa sai 1991 aka haife ta. Mai neman na Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, zai duba na Lardin Sakkwato, ba zai sami wani abu mai suna Jihar Kebbi ba. A Nijar ma Damagaram ce hedikwatar mulki har 1926, kuma wasu takardun mulkin Faransa a Dakar suke.

Maganar baka tana da nata hukuncin. Idan tsohuwa ta ce kakanta "ya tafi Gwanja", kada a rubuta Gana, domin Gwanja a bakin fatake tana iya nufin Salaga, tana iya nufin duk ƙasashen goro. Idan ta ce "ya yi Gabas bai dawo ba", wannan na iya zama Fort-Lamy, wadda ta koma Injamena a 1973, ko Darfur, ko Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, inda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya zauna da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, ko Makka kanta. A rubuta lafazinta, a rubuta shekarunta da ranar da aka ji daga gare ta, sannan mai bincike ya faɗi nasa zaton da sunan zato. Muhaddisai ba su taɓa yarda mai ruwaya ya cusa bayaninsa cikin matani ba tare da ya rarrabe ba. Sun ba wannan aibi suna, *idraji*, kuma shi ne ainihin abin da ɗalibanmu ke yi idan suka musanya kalmar dattijo da sunan ƙasar zamani.

Wani tarko na musamman gare mu shi ne sunan gari da ya zama sunan mahaifi. Makarantun boko na farko sun saba haɗa sunan yaro da garinsu, shi ya sa muka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sardauna ma Ahmadu Raɓa aka san shi a Kwalejin Katsina. A wancan ƙarni nisbar gaskiya ce. Amma ta daskare ta zama sunan gida, jika ya gaje ta alhali an haife shi a Kaduna ko Legas. Mai bincike ya ɗauke ta a matsayin alamar inda zai fara tambaya, kada ya ɗauke ta shaidar mahaifa.

Ɗalibin nan ya goge sashen hijirorin, ya maye shi da shafi ɗaya da ya jera hukumomin da suka riƙi ƙauyen daga 1903 zuwa 1987. Abu ɗaya ya rage masa. A bangon wani kwafin *Risala* na gidan, malamin 1930 ya rubuta da hannunsa cewa ya sauke littafin a wurin malaminsa a Tudun Wada, bai ƙara komai ba. Akwai Tudun Wada a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a kudancin Kano, akwai a Gusau, ban da ƙananan ƙauyuka masu wannan suna da ba su shiga taswira ba. Ɗalibin ya so ya zaɓi ta Zariya saboda shaharar garin da karatu. Na hana shi. Mun rubuta sunan yadda malamin ya rubuta, muka ambaci wuraren da yake iya nufi, muka bar shi a buɗe. Wata tsohuwa a gidan ta ce tana jin malamin ya taɓa zama wajen wani ɗan'uwan mahaifiyarsa a ƙasar Kano, kuma ɗalibin ya ce zai bi wannan zaren idan ya fara digiri na uku.